Littafi Mai Giɓi

Godiya ta tabbata ga Wanda ya shimfiɗa ƙasa don a taka, ya tsaga koguna don a sha, ya ba ɗan Adam harshe da zuciya, ya bar masa aikin sasanta su. Bayan haka, ni ne Korau mai alƙalami, mutumin Tudun Kanya da ke bakin kogin Zangaru, a ƙasar da wata biyu ke bin juna a sama, babba a gaba, ƙarami a baya. Na yi tafiya har inda ayari ke juyawa, na wuce. Ba zinariya na je nema ba, ba kuma sarauta ba. Muryar matata na je nema.

Sana'ata kwafar littattafai. Tun ina saurayi nake zaune a zaure da tawada da takarda, ina juyar da maganganun masu hikimar dā, har na ɗauka babu ciwon zuciyar da ba shi da babi a wani littafi. In mutum ya zo mini da fushi, in buɗe masa shafi. In ya zo da hassada, in buɗe wani. Mutanen gari sukan ce, Malam Korau ko kunama ce ta harbe ka, sai ya karanta maka tarihin kunamu kafin ya nemo magani. Ba su yi mini ƙarya ba.

Matata Kuluwa ba ta yi karatu ba, amma ita ce bakin gidanmu. Tana daka tana waƙa, tana shara tana faɗa da kaji. In na daɗe a zaure sai ta leƙo ta ce, "Malam, tuwon nan fa bai iya karatu ba, ba zai jira ka kai aya ba." Ɗa ɗaya Allah ya ba mu, shi ne na fari, shi ne auta. A garinmu uwa da uba ba sa kama sunan ɗan fari. Kunya ce, haka muka tarar. Kuluwa takan ce "wannan yaron", ni kuwa in ce "mutumin". Ya girma har gemu ya fara tsiro masa bai taɓa jin sunansa a bakinmu ba, bai kuma damu ba, don duk ɗan fari haka yake a Tudun Kanya. Uwarsa takan binne masa tsokar nama a ƙarƙashin tuwo, ta dire kwanon a gabansa tana duban wani wuri. Ku yi mini uzuri, ni ma a nan ba zan kama sunan ba tukuna.

Kogin Zangaru yana da wani mugun hali. Sama na nan tas, babu ko ɗigon hadari, sai ruwa ya gangaro daga tsaunuka a tsaye kamar katanga. Ranar da abin ya faru samarin gari suna tsakiyar kogi suna jan taru, mata suna wanki a gaɓa. Kowa ya fito, ban da namu. Kuluwa ta dawo gida da hularsa a hannu tana ɗigar da ruwa, ta zauna a bakin murhu. Ba ta yi kuka ba. Tun daga ranar ba ta sake cewa uffan ba.

Na yi abin da na iya. Na kwaso duk littattafan da suka yi magana a kan haƙuri, na zauna a gabanta ina karantawa, safe da yamma. Tana kallon hular, ni ina kallon takarda. Abinci sai an kai mata baki, ta karɓi loma ɗaya ta kau da kai. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, wuyan Kuluwa ya koma kamar sillen kara. Tsohuwar da ke ba mu magani ta ja ni gefe ta ce, "Malam, in bakin nan bai buɗe ba, ba za ta ga wata daminar ba." Wallahi ranar na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Na rasa ɗa, ga uwarsa tana zare jiki tana bin sa a kan idona.

A nan na tuna da Barmo. Tsofaffin littattafai suna yawan ambatonsa: wani mai hikima ne na zamanin dā da ya binne 'ya'yansa duka da hannunsa, amma aka gan shi da tsufa yana dashen dabino yana wasa da jikokin maƙwabta. Littafi ɗaya tak ya rubuta. Masu kwafa suna kiransa Littafi Mai Giɓi, ba wanda ya san dalili, don babu wanda ya taɓa ganinsa a ƙasarmu. An dai ce an taɓa kai shi Birnin Tawada, bayan hamadar gishiri. Na ɗaure littattafaina a mangala, na ɗora Kuluwa a kan takarkari, bijimin da ke ɗaukar mana kaya, na kulle gida.

Hamadar gishiri ba ta da rijiya, amma tana da itatuwan gawo masu tafiya. Kowace safiya sukan zare saiwoyinsu daga ƙasa su nufi inda ruwa yake, a hankali, kamar tsofaffi za su gaisuwar mutuwa. Matafiyin da ya bi su ya sha, wanda ya riga su ya halaka. Muka bi su. Ina tafe ina yi wa Kuluwa surutu, ina cewa, "Ke kam da bakinki na nan, da kin tambayi wancan gawon ko surukinsa ne ya kore shi." Na waiwaya ko zan ga gefen bakinta ya motsa. Bai motsa ba.

Abin da na fara lura da shi a Birnin Tawada shi ne leɓunan mutane. Baƙi ƙirin, manya da yara, har haƙora. Mutanen nan ba sa karanta littafi, sha suke yi. A garinmu ma akan wanke allo a sha don neman waraka, amma sai an karanta, kuma allon yana nan a sake rubutawa. Su kuwa littafi sukutum suke tsomawa a rami irin na marina, su dama, su tace, su kwankwaɗa, takardar su ba akuya. Maganar littafin takan zauna a harshen wanda ya sha, ba ta gangarawa ƙasa. A ƙofar gari na ga wani yana jibgar jakinsa da kulki yana rera cewa tausayi shi ne adon mai ƙarfi.

Kafin in gama sallama dogarai sun kwance mangalata. Aka kai mu gaban Sarkin Wanki, wani ƙaton mutum mai tumbi, wanda shi ke kula da ramukan. A kan idona aka zuba aikin rayuwata a ruwa. Na ga rubutun hannuna yana narkewa, jama'a sun yi layi da ƙoƙuna. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko ɗaya ku bar mini!" Ya ce, "Mai ilimi ba ya rowa, baƙo." Sannan ya dubi yatsuna da tawada ta rina, ya tambaye ni tun yaushe nake kwafa. Da na gaya masa sai idonsa ya yi haske. Ya ce wa dogarai, "Ku cika babban rami. Malami jiƙaƙƙe ya fi littafi ɗari."

Ashe haka suke yi wa duk masanin da ƙaddara ta kawo. Sukan jiƙa shi har sai ya saki abin da ya sani, abin da ya rage kuma ba ya tashi. Ba raina na fara tunawa ba. Tunawa na yi wa zai riƙa kai wa Kuluwa loma baki. Na ce, "Ranka ya daɗe, mai sayen zuma yakan lasa kafin ya saya. Ni da wannan baiwar Allah tukunya ɗaya muke ci, abin da ke jikinta yana jikina. A ba ni ƙoƙo ka ɗanɗana tukuna." Aka ba ni. Na kama hannun Kuluwa, wanda ke damƙe da hular, na zuba masa ruwa kaɗan ya tsiyaya a ƙoƙon. Sarkin Wanki ya kurɓa.

Sai ya zame daga kan kujerarsa ya zauna daɓas a ƙasa, ya ce, "Inna." Mutumin nan mai furfura ya fashe da kuka yana kiran uwarsa da ta rasu tun yana yaro, majina da hawaye suna wanke baƙin leɓensa. Masu layi suka zubar da ƙoƙuna suka watse. Da ya samu numfashi ya ce, "Na san labarin gishirin nan. Kakanninmu sun taɓa tsoma wani littafi, tawadarsa ta ƙi fita, ruwan ya yi irin wannan ɗanɗano, gari ya kwana yana kuka. Suka ba mutanen Dutsen Farau shi kyauta. Ɗauki matarka ku fita mana daga gari, don girman Allah." Muka fita da takarkari da mangala wayam, amma na gane littafin Barmo yake nufi.

Dutsen Farau yana can inda ƙasa ta tsage biyu, a bakin wani kwazazzabo mai zurfin da tsuntsu ke gajiya kafin ya kai gindinsa. Mutanen wurin suna kiran kansu Masu Riƙon Aro. Gaskiya da farko sun burge ni. Gari tsaf, babu hayaniya, babu mai ɗaga murya. Ba sa raɗa wa 'ya'yansu suna, wai suna shi ne igiyar da ke ɗaure zuciya. Shugabansu ma Na Gaba kawai ake ce masa, wani dogon dattijo mai sanyin magana. Na ce a raina, Korau, ga mutanen da ka yi ta karantawa, yau ga su da ƙafafu. Amma da safe na ga wata mata ta binne jaririnta, ta karkaɗe hannu ta koma kan fartanyarta, fuskarta kamar ta dawo daga ɗiban ruwa. Na rasa ko sha'awa ta ba ni ko tsoro.

Na tambayi Na Gaba labarin littafin. Ya ce, "Daga gare shi muka samo hanyarmu. Shafi ɗaya ne kawai, sauran fari fat. Barmo ya ce duk abin da ke hannunka aro ne, Mai shi zai aiko. Sannan ya tambaya, wa aka karɓe maka? Ya bar wurin amsar babu komai. Kakanninmu suka gane nufinsa: ba a karɓe maka kowa ba, don ba ka taɓa mallakar kowa ba. Da muka haddace sai muka mayar wa danginsa, a ƙauyen da ke wancan hayin." Ya nuna mini wata gada ta igiya, siririya, tana lilo a kan kwazazzabon.

Daga nan idonsa ya sauka a kan hannun Kuluwa. Ya ce, "Ga ciwon matarka nan a tafin hannunta. A dokarmu ba mai wuce garin nan da kayan mamaci. A jefa shi ƙasa, ta huta." Kafin in yi magana mutum biyu sun kama wuyan hannunta suna ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, a natse, babu mugunta a fuskarsu. Kuluwa ta wage baki iya wagewa, jijiyoyin wuyanta suka miƙe, amma ko sauti bai fito ba. Na ga ihu da idona, ban ji shi da kunnena ba. Har in mutu ba zan manta da wannan ba.

Na daka tsawa na ce, "Ku dakata! Baba, ina da tambaya a kan karatunku." Mai hikima ba ya ƙin tambaya, sai ya ɗaga hannu suka tsaya. Na ce, "Hular nan tata ce?" Ya ce, "Babu abin da yake na kowa." Na ce, "To aro ce ke nan a hannunta." Ya ce, "Haka ne." Na ce, "A wane gari ne wanda aka ba aro yake jefa kayan mutane a rami? Ai sai dai ya riƙe da kyau har Mai shi ya aiko. Ko kai ne ɗan aiken?" Dattijon mutumin kirki ne a hanyarsa, ba zan ci amanarsa ba. Ya ce, "Ka ɗaure mu da igiyarmu, baƙo. Ku sake ta. Amma ka sani gadar nan ba ta ɗaukar mai nauyin zuciya, ta sha tsinkewa da irinku. In za ku wuce, sai dai ta ƙasa."

Ta ƙasa muka bi. Takarkari ba ya iya gangaren, na bar musu shi aro. Na goya Kuluwa a bayana da rawanina, muka sauka muna dafa duwatsu, muka ratsa rafin da ke gindin kwazazzabon, muka kama hawa. Na yi zaton nauyi zai kashe ni. Rashin nauyin ne ya kusa kashe ni. Matar da a dā take sauke tulu daga kai da hannu ɗaya, yau ba ta kai damin takarda ba. Ina hawa ina kuka, ina jin numfashinta a ƙeyata, ina cewa, "Riƙe ni, Kuluwa, mun kusa." Ban san ko mun kusa ba.

Ƙauyen Barmo yana cikin dabinon da ya dasa, sun yi tsawo sun haɗe kai. Wata tsohuwa mai suna Tabawa, tattaɓa-kunnen ƙanin Barmo, ita ke riƙe da littafin. Gajeriya ce mai yawan dariya, ba ta da haƙori ko ɗaya. Ta gan mu ta ce, "Sannunku da hanya. Ta ƙasa kuka biyo, ko? Duk masu zuwa wurinmu ta ƙasa suke biyowa." Ta shimfiɗa mana tabarma a inuwa, kusa da bakin kwazazzabon, ta dama fura ta ajiye. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da littafin a cikin gafaka, ta miƙo mini kamar mai miƙo faifai.

Na buɗe. Rubutun ba shi da kyau, da almajirin kwafa ne ya kawo mini irinsa da na sa ya sake. Na karanta da ƙarfi: "Duk abin da ke hannunka aro ne, Mai shi zai aiko. Wannan kowa ya sani, ba sai ka tako har nan ba. Kai da ka zo da ciwonka, kafin mu ci gaba gaya mini, wa aka karɓe maka? Sunansa..." Daga nan sai giɓi, faɗin yatsa uku. Na juya shafi, fari. Na juya wani, fari. Na dubi tsohuwar na ce, "Inna, ashe gaskiyar mutanen hayi ne? Wannan ne abin da na ratsa duniya dominsa?"

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Mutanen hayi! An tambaye su, sun mai da tambayar amsa. Malam, kakanmu ya ce ba ya hira da wanda bai gabatar masa da mamacinsa ba. Faɗi sunan da bakinka, rubutun zai fito."

Na ce, "Ɗana." Shafi yana nan fari. Na ce, "Ɗan farinmu, wanda kogi ya ci." Fari. Na ce ko in rubuta a ƙasa, ko in raɗa mata ta faɗa. Ta girgiza kai ta ce sai daga bakin wanda aka yi wa rashin. Na buɗe baki. Ni da na karanta dubban sunaye na sarakuna da malamai da taurari, sunan nan ya zo ya tokare mini a maƙogwaro. Kunyar da na sha tun a nono ta riƙe shi gam. Sai haushi ya kama ni, na ce, "A garinmu ba a yin haka! Ɗan fari ne!" Tabawa ta ce, "To, a nan ma ba dole. Ga inuwa, ga fura." Ta koma gefe ta kama tsinke tana saƙar faifai.

Na zauna da littafi a cinya, rana ta karkata. Na ji na tsani Barmo, na tsani tawada, na tsani duk shekarun da na yi a zaure. Na kawo matata ƙarshen duniya ta mutu a gaban farar takarda.

"Malam."

Na ɗauka kunnena ne. Murya ce kamar ƙofar da ta daɗe a kulle. Na juyo, Kuluwa tana kallona, karo na farko tun ranar kogi.

Ta ce, "Ni na fara ganin ruwan."

Na kasa motsi. Ta ci gaba a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi. "Ina wanki, na ɗaga kai, na gan shi yana tahowa. Shi kuwa ya ba shi baya, yana jan taru. Da sauran lokaci, Malam. Da ya waiwayo da ya fita. Na buɗe baki, sunan ya zo nan," ta taɓa maƙogwaronta, "ga matan gari kewaye da ni, ga gwaggonka a gefena. Sai na ce, kai! Kai yaro! 'Ya'yan mutane suka yi ta waiwayowa, kowa ana kiransa da sunansa. Mutum ko a tsakiyar kasuwa yake yana jin sunansa. Shi bai san da shi nake ba."

Na ce, "Kuluwa, kwanansa ne ya ƙare."

Ta ce, "Na sani. Ka karanta mini, na ji duka. Amma bakin da ya kasa kiransa, me kuma zai faɗa?"

Sai ta dafa kafaɗata ta miƙe. Na yunƙura in riƙe ta, Tabawa ta kama rigata. Kuluwa ta taka da kanta har bakin kwazazzabon, inda ake hango rafi can ƙasa kamar zare. Ta danna hular a ƙirji, ta cika huhunta, ta ƙwala kira da irin muryar da take kiran kaji a dā, muryar da ake ji har bayan gari:

"Nomau! Nomau, fito daga ruwan nan!"

Duwatsu suka karɓa suka yi ta maimaitawa, Nomau, Nomau, har ya yi nisa ya ɓace. Ta tsaya tana saurare. Babu wanda ya waiwayo. Sai ta durƙushe, kukan da ta riƙe tun daga bakin kogi ya ɓalle. Na rungume ta a gaban mutane, ban ji kunyar kowa ba.

Da muka dawo kan tabarma, shafi na biyu ya cika da rubutu, tawadar tana ƙyalli kamar yanzu aka ɗaga alƙalami. Kuluwa ta share fuska ta ce, "Me ya ce?" Na karanta mata: "Ka kira, bai amsa ba. Ni ma nawa ba su amsa ba. Yanzu tashi ka ci abinci, gobe mu ci gaba." Iyakar abin da ke shafin ke nan. Kuluwa ta dubi ƙwaryar furar da ke gabanta tun hantsi. Ta ɗauki ludayi da hannunta.

Mun zauna a ƙauyen har dabino ya nuna. Kullum shafi ɗaya, ba ya yarda a yi masa gaggawa. Barmo bai yi mana alkawarin warkewa ba. Ya kawo maganganun masu hikimar da suka riga shi, waɗanda na sha kwafa, ya yarda da wasu, ya yi musu da wasu kamar abokan hira a dandali. Ya faɗi ranar da ya yi fushi ya fasa tulu, da yadda ya je ya ba matarsa haƙuri. Ya ce in maƙwabci yana suna ka je, ko da za ka tsaya a bayan zaure ka gama kukanka kafin ka shiga. Ya ce ka dasa abin da ba kai za ka ci ba. Kuma a kowane shafi akwai giɓi. Sai muka raba aikin: ni in karanta, in na zo giɓin in tsaya, Kuluwa ta sa sunan, in ci gaba. Ta lura ban taɓa faɗa da kaina ba. Ba ta matsa mini ba, sai dai wani lokaci ta ce, "Malam sarkin kunya," ta yi ɗan murmushi.

Tabawa ta bar ni na kwafe littafin. Nawa kwafin tawadar banza ce, ba ta ɓuya ba ta fitowa, amma na bar kowane giɓi a inda yake. Muka koma Tudun Kanya ta wata hanya mai nisa, Kuluwa tana takawa da ƙafarta. Ba ta koma waƙar daka ba, wannan kam kogi ya tafi da ita. Amma ta koma faɗa da kaji, ta koma leƙowa zaure. Ta dasa ƙwallon dabino a gaɓar Zangaru, daidai inda take wanki. Tana kiran sunan ɗanta a gaban kowa, a rijiya, a gidan biki. Tsofaffi suka ce tafiya ta cire mata kunya. Na kuma ga wasu ƙananan mata, masu goyon fari, suna sunkuyawa kan kunnen jariri suna motsa baki.

Shekaru masu dama Allah ya ƙara mana. Kowace la'asar sai ta kawo tabarma tsakar gida ta ce, "Ɗauko mana tsohon nan," in ɗauko, in karanta shafi ɗaya. In muka kai ƙarshe mu koma farko.

Bara, bayan an gama girbi, Kuluwa ta kwanta da zazzaɓi, ba ta tashi ba. Na sa mata hular a hannu har ta cika. Da aka share makoki, masu gaisuwa suka watse, la'asar ta yi, na ga ƙafafuna sun kai ni na shimfiɗa tabarmar. Na buɗe inda muka tsaya. Na karanta da ƙarfi kamar kullum, har na zo giɓin, na tsaya.

Na jira. Kaji suna tono a bakin murhu. Na daɗe ina jira kafin in tuna babu mai cikawa.

Na dubi giɓin, faɗin yatsa uku, na ga ai zai ɗauki suna biyu. Ni Korau, da furfurata, na share maƙogwaro a gidan da babu kowa, na ce, "Nomau." Na ce, "Kuluwa." Ba su amsa ba. Na rufe littafin, na tashi na hura wuta.